Alhakin Wanda Ya Ji wa Maƙwabcinsa Rauni

Ya kai mai karatu, wanda ka soma bin tafarkin Almasihu, idan wani ya ji rauni saboda sakacinka, ko da ba da gangan ka yi ba, mene ne ke bisa wuyanka? Mutane da yawa su kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, su kama gabansu. Maganar Allah kuwa ba ta sallame ka haka ba.

1. Abin da Attaura ta koya. Ka duba Littafin Fitowa, sura 21. Wanda ya bugi ɗan'uwansa har ya kwanta, an ɗora masa abu biyu: ya biya kwanakin aikin da mutumin ya rasa, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke. Idan sa ya soki mutum, ba a san shi da halin nan ba, mai san ya kuɓuta. Amma idan an riga an gargaɗe shi, ya ƙi tsare sansa, alhakin jinin yana kansa. Wanda ya haƙa rami bai rufe ba, jaki ya fāɗa ciki, shi za ya biya. Cikin Kubawar Shari'a, sura 22, an umurci mai gina sabon gida ya ja katanga kewaye da rufinsa, domin kada wani ya fāɗo. Ka lura, umurnin nan ya riga haɗarin.

2. Abin da shari'ar ƙasa ta ke bi. A shekara ta 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotilan, an saya wa wata mace, May Donoghue, lemon citta a kwalba mai duhu. Ta ce bayan ta sha, ta ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, ta yi ciwo. Babu ciniki tsakaninta da mai yin lemon, gama ba ita ta saya ba. Duk da haka a 1932 babbar kotu ta Landan ta yanke cewa tana da ikon kai shi ƙara. Alƙali Atkin ya ɗauko tambayar nan ta Luka, sura 10, a kan ko wane ne maƙwabci, ya nuna cewa a wurin shari'a maƙwabcinka shi ne duk wanda ya kamata ka tuna da shi domin aikinka yana iya taɓa shi. Kotunan Nijeriya suna bin wannan ƙa'ida har yau.

3. Abin da ya wajaba a kanka. Ka rufe bakin rijiyarka, ka ɗaure karenka mai cizo, kada ka hau hanya da mota marar birki. Idan kuwa abin ya auku, ka kai mai raunin asibiti. In kana tsoron taron jama'a, ka tafi wurin 'yan sanda ka faɗi gaskiya, kada ka ɓuya. Ka biya magani da hasarar da ya yi tun ba a kai ka gaban alƙali ba. Basamariyen nan ba shi ne ya ji wa matafiyi rauni ba, amma ya ba mai masauki dinari biyu dominsa. Balle kai da abin ya fito daga hannunka.

In kuma kai ne aka ji wa rauni, ba laifi ba ne ka nemi hakkinka. Sai dai kada ka ƙara a kan abin da ya same ka, kada kuwa ka riƙe mutumin a zuciya.

Tambayoyi
1. Don me aka kuɓutar da wani mai sa, aka kama wani?
2. Wane ne maƙwabcinka sa'ad da ka ke bisa hanya?
3. Akwai wani rami a ƙofarka da ba ka rufe ba tukuna?