Yadda Ake Haɗa Kwamfutocin Ƙaramin Ofis a Gidan Katta Ƙarƙashin Uwar Garke Ɗaya

Ofishin da ke hada-hadar albasa, wake ko dabbobi tsakanin kasuwar Illela da Birnin Ƙonni, da zarar kwamfutocinsa sun kai bakwai ko takwas, sai kowace ta fara cin gashin kanta. Lissafin bashi na kan ta akawu, takardun kwastan na kan ta sakatare, filashi ɗaya na zagaya kowa yana raba bairos. Maganin wannan shi ne domen: kwamfuta guda, uwar garke, ta riƙe sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa da iyakar abin da aka yarda ya buɗe. Idan kwamfutocinka ba su wuce uku ko huɗu ba, kada ka wahalar da kanka, foldar tarayya ta ishe ka.

Mataki na farko wuta ce, tun kafin ka taya kowace na'ura. Uwar garke ba ta son a ɗauke mata wuta tana tsakiyar rubutu, domin ma'ajiyar sunayen kan lalace. Ka ware mata inbata da batir da sola nata, tare da suwic da rauta, kada a jona firji ko dutsen guga a layin. Wurin zamanta ma abin lura ne: a watan Afrilu zafin nan yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ke toshe fankar ciki. Ɗora ta kan tebur a ɗaki mai iska da makulli, nesa da taga, a riƙa hure mata ƙura duk wata.

Na biyu, ja waya. Kebul na Cat6 daga suwic mai rami 16 zuwa kowane tebur, kada tsawon ɗaya ya wuce mita 100. Saka shi cikin bututun roba, musamman in ofishin na manne da siton hatsi, saboda ɓeraye. Rubuta lamba a bakin kowace waya, gaba da baya.

Na uku, manhaja. Windows Server 2022 ita ce aka fi sabawa da ita, kuma samfurinta na Essentials yana ɗaukar mutum 25 da na'ura 50. Wanda hannunsa ya faɗa a Linux yana iya ɗora Samba a kan Debian ko Ubuntu kyauta, ta yi aikin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kwafin sata a kan na'urar da ke riƙe da sirrin kasuwancinka. Sannan duba kwamfutocin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya: mai Windows Home ba ta shiga domen, sai Pro, kuma 'yan gwanjo da yawa da Home suke zuwa. Windows 10 kuwa, Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025.

Na huɗu, adireshi da suna. Ba uwar garke adireshin da ba ya canzawa, misali 192.168.10.2, ka bar wa rauta 192.168.10.1. Raɗa mata suna yanzu, don sauya shi daga baya ciwon kai ne. Sunan domen ɗin ya fi kyau ya zama reshen sunan da ka yi wa rajista a ƙarƙashin .com.ng, wanda NiRA ke kula da shi, kamar ofis.sunanka.com.ng, ka guji .local, yana karo da yadda na'urorin Apple da wasu firintoci ke neman juna. Daga nan buɗe Server Manager, danna Add Roles and Features, zaɓi Active Directory Domain Services, idan ta gama ka danna tutar da ke sama ka zaɓi Add a new forest. Za ta nemi wata kalmar sirri ta gyaran gaggawa. Rubuta ta a takarda, a kulle inda ake kulle kuɗi.

Na biyar shi ne inda akasarin mutane ke tuntuɓe. Kwamfuta ba ta gane uwar garke sai ta tambayi DNS, kuma rautar da ka sayo ba ta san domen ɗinka ba. Don haka kashe DHCP na rauta, ka kunna na uwar garke, ta riƙa raba adireshi daga 192.168.10.50 zuwa 150, kuma kowa DNS ɗinsa ya zama 192.168.10.2 kaɗai. Kada ka ƙara 8.8.8.8 a matsayin na biyu wai don ko-ta-kwana. In ka ƙara, yau komai lafiya, gobe folda ta ƙi buɗuwa, ka rasa dalili. Wurin irin wannan adireshi shi ne Forwarders a cikin uwar garken. Idan ka tsara haka, ofis zai ci gaba da aiki ko babu intanet, wanda duk mai tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ya san amfaninsa. Af, idan rautarka mai sim ce, shiga ciki ka zaɓar mata kamfanin Najeriya da hannu, don a bakin iyaka sim kan tsallaka ya kama sabis ɗin Nijar, kuɗi su ƙare ba ka sani ba.

Na shida, shigar da sauran. A kowace kwamfuta buga sysdm.cpl, danna Change, zaɓi Domain, rubuta sunan, ta sake tashi. Idan ta ƙi, duba agogo kafin komai. Tsarin tantancewa na Kerberos ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5 tsakaninta da uwar garke. Tsohuwar kwamfutar da ke tashi kullum da kwanan watan shekarun baya, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ne ya mutu. Buɗe murfi ka sauya shi. Yankin lokaci kuwa West Central Africa.

Na bakwai, mutane. Kowa da asusunsa, babu aro. Ƙirƙiri rukuni uku ko huɗu, a ce Kuɗi, Sito, Takardu, ka ba rukuni izinin folda, ba mutum ba. Idan aka sauya akawu, sai ka cire wancan daga rukuni ka sa wannan. Wanda ya bar aiki a dakatar da asusunsa a ranar, kada a goge tukuna. Alhaji mai ofis zai ce a ba shi ikon komai, ai dukiyarsa ce. Ba shi, amma a asusu na daban da ba ya buɗe WhatsApp ko imel da shi. Ta Group Policy kuma ka sa allo ya kulle kansa bayan minti 10, don lokacin sallar Azahar ofis kan zama wayam, sannan ka hana filashi a kwamfutar kuɗi.

Na ƙarshe, kwafin ajiya. Kunna Windows Server Backup ya riƙa kwafe fayiloli tare da System State kowane dare. Sayi faifan waje biyu: ɗaya a jone, ɗaya a gidan mai ofis, a musanya su ranar Lahadi bayan an tashi kasuwa. Duk wata ka goge wani fayil maras amfani da gangan, ka dawo da shi daga faifan da aka kawo daga gida, ka buɗe shi ka tabbatar ba fanko aka yi ta kwafewa ba.