Keken Haɗe-haɗe Da Ɗaukar Kayan Fadama

Wannan mako za mu bar maganar iri da taki, mu duba abin da ke kai amfanin gona kasuwa. Dalili kuwa shi ne abin da na gani a Kalmalo, kusa da Illela, inda ake noman rani a bakin tafki. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 1444 ta Hijira, watau 2023, manomin da ke da injin ban ruwa da babur ya shiga uku, domin duka biyun mai guda suke sha. Albasa ba ta jiran kowa, in ba ta sha ruwa ba ta mutu. Saboda haka da yawa sun bar wa injin man, sun jingine babur, sun shiga zaure sun fito da tsohon keken da aka rataye tun zamanin mahaifi.

To, keken da ya shekara goma a rataye ba ya fita da ƙafarsa. Sai an nemo masa taya nan, sarƙa can, birki a wani wuri. Ga kuma kekunan gwanjo masu ƙatuwar taya da giya barkatai, waɗanda Turawa suka ƙera don hawan duwatsu, sun cika kasuwa. Sai a ɗauki rabin wannan a haɗa da rabin wancan. Wannan ba abin kunya ba ne. Shi kansa keken hawan duwatsun haka ya samo asali. Wajen 1976 wasu samari a jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna na kamfanin Schwinn, suna sa musu birki da giya na wasu kekuna, suna tsere da su daga kan dutse. Sai a 1981 aka fara ƙera irinsa da yawa a ma'aikata. Amma su wasa suke yi, kai kuwa buhun albasa za ka ɗora, shi ya sa haɗinka ya fi nasu bukatar hankali.

Fara da gangar jikin keken, watau firam. Tafi kasuwa da mayen ƙarfe a aljihu, ko da ɗan guntun da ake cirowa daga tsohuwar rediyo ne. In ya manne wa firam, baƙin ƙarfe ne, saya. In bai manne ba, alminiyam ne, bar shi komai kyansa da rashin nauyinsa. Baƙin ƙarfe yakan lanƙwashe kafin ya karye, ya ba ka labari, in kuma ya tsage kowane mai walda a Illela zai ɗinke maka shi. Alminiyam tsagewa yake yi a ɓoye, rana ɗaya ya rabu biyu, waldarsa kuma sai da inji na musamman. Kankare fentin da ke ƙarƙashin wuyan keken da wajen gindin feda ka duba, nan ne tsaga ke fara fitowa. Shi kuma fok ɗin gaba mai sifirin, wanda yara ke sha'awa, ba shi da wani amfani ga mai kaya. Na gwanjo galibi ya riga ya mutu, sai girgiza da nauyi. In ka sami sandararre na baƙin ƙarfe wanda ya dace, musanya.

Yanzu ga inda akasarin mutane ke yin asara, watau wajen taya da wili.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ya san kima. A nan dai ido bai san kome ba. Wata Lahadi, ranar kasuwar Illela, na tarar da wani dattijo zaune a gefen hanya, kwandon tumatir ya tarwatse a yashi, gwiwarsa na jini. Ya ce mini, "Malam, sabuwar taya ce fa, jiya na sa ta, inci 26 aka ce mini, wilina kuma inci 26 ne." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiya mai taya ya faɗa masa. Abin da ba su sani ba shi ne, taya aƙalla iri uku ce ake ce wa inci 26, kuma ba wadda ke zama a wilin wata.

Duba gefen tayarka. Ban da rubutun inci, za ka ga wasu lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, misali 50-559. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu kuwa faɗin bakin wilin da za ta zauna a kai, duka da milimita. Wannan ta biyun ita ce abin dubawa. Keken hawan duwatsu mai inci 26, lambarsa 559. Ƙaramin keken Ingilishi mai inci 26, lambarsa 590. Tsofaffin kekunan Faransa kuwa, irin waɗanda akan samu daga wajen Birnin Ƙonni, da yawa 584 ne. Dattijon nan tayar 590 ya sa a wilin 584. Bambancin milimita 6 ne kawai, ta shiga salin alin, har ya ji daɗin sauƙin sawa. Da aka ba ta iska, aka ɗora kaya, rana ta buga, sai bakinta ya tsallake wilin, tiyub ya fashe. Kama da wane ba ta wane. Haka kuma inci 28 iri biyu ne. Babban keken da muka gada, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, lambarsa 635, amma akwai wata taya mai rubutun 28 wadda 622 ce. In rubutun tsohuwar tayarka ya goge, ɗauki wilin kansa ka tafi da shi kasuwa. Kai kuma ɗan kasuwa mai sayar da taya, ka koyi lambobin nan huɗu ko biyar, za su raba ka da rigima da masu dawo da kaya.

Wasu kan sa wilin 559 a firam ɗin babban keke don su sami faffaɗar taya, domin ta fi tafiya cikin yashi. Wilin zai shiga, amma da sharri biyu. Keken zai sauka ƙasa da wajen inci guda, feda ta riƙa dukan kunya da kututture. Sa'an nan birkin sanda na babban keke ba zai kai ga wilin ba, ko ya kai ma ba irin wilinsa ba ne, domin shi daga ciki yake kamawa, birkin waya kuwa daga gefe. Na ga masu tafiya haka ba birki, suna tsayawa da takalmi. Da kaya a baya wannan ganganci ne. Ni shawarata, in faffaɗar taya kake so, ɗauki firam ɗin keken duwatsu na baƙin ƙarfe da wilinsa da birkinsa, ka aro wa babban keke sirdinsa mai sifirin kawai, da kansa in ya shiga. Kuma hannun birki ya zama ɗan gidan birkin ne. In aka haɗa birki mai dogayen hannuwa da hannun wani iri, za ka matse har ya taɓa kan keke bai tsaya ba.

Wilin baya shi ne jakin, shi ke ɗauke da kai da kayan. Ƙirga wayoyinsa, watau sifok. Tsohon Raleigh 40 yake da su a baya, 32 a gaba, ba don ado ba. Na duwatsu 36 ne ko 32. Nemi mai 36, a ɗaura masa wayoyi masu kauri, a ja su daidai. In waya ɗaya ta tsinke, sake ta a ranar, don nauyinta kan maƙwabtanta yake komawa, su ma su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ramukan cibiyar wili da na bakin wili lalle su zama adadi ɗaya. Mai gyaran da ya ce zai tsallake wasu ramuka ya haɗa maka 36 da 32, karɓi kayanka ka yi gaba.

Maganar giya gajeruwa ce. Giya 18 ko 21 ba ta manomi ba ce. Ƙura da yashi kan cinye ta, reshen wayarta kuma ciyawa ɗaya ke karya shi. Zaɓi giya guda mai sauƙin tuƙi, misali haƙora 32 a gaba da 18 ko 20 a baya, a gajarta sarƙa a bar ta nan. In wurin da gatarin wili ke shiga doguwar tsaga ce a kwance, ana iya jan wilin baya sarƙa ta miƙe. In gajeruwa ce mai duban ƙasa, ba halin ja, sai a bar ƙarfen canjin giyar a wurinsa, a ɗaure shi da kusoshinsa biyu don ya riƙe sarƙar. Mai babban keke shi ma yana da nasa sauƙin. Furwil mai haƙora 18 aka saba sa masa, in ya canja zuwa 20 ko 22, ya ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya ko biyu, gwiwarsa za ta gode masa a hawan gangaren fadama. Sarƙa ma iri biyu ce. Ta babban keke mai faɗi ce, ba ta wucewa tsakanin faifan giya. Ta giya siririya ce, ba ta hawa haƙoran furwil ɗin babban keke.

Sai abin da ke ɓata firam mai kyau a banza, watau tilasta wa noti. Fedar hagu zarenta na hagu ne, ana ɗaure ta ta inda ake kwance sauran. Haka kofin gindin feda na dama a kekunan Ingila da na Sin da na Indiya. Amma a tsohon keken Faransa wannan kofin zaren dama gare shi, kuma awonsa dabam ne. Tsohon Raleigh ma, wanda kamfaninsa na Notingam ya taɓa yin ma'aikata a Kano, yana da zaren kansa, layi 26 a inci, sauran kuwa 24. Don haka kowane abu mai zare, fara murɗa shi da yatsu. In ya yi zagaye uku ko huɗu ba gardama, naka ne, sa sifana. In ya cije tun a na farko, ba naka ba ne. Yaron mai gyara kan ɗauko guduma a nan, kai kuwa tsaya a kansa ka hana shi, domin zaren firam in ya lalace, firam ɗin ya tafi. Harsashin ciki ma ba ɗaya ba ne: na wilin baya da gindin feda rubu'in inci ne, na wilin gaba ya fi ƙanƙanta, na wuya ya fi duka ƙanƙanta. Kada a gauraya tsoho da sabo a kofi guda.

Keken duwatsu ba ya zuwa da kariya, sai ka kai wa mai walda ya yi maka da rodi. Ka ce masa ƙafafunta su sauka kusa da gatarin wilin baya, gabanta kuma ya kama firam, ba sandar sirdi ba. Kada ka ɗora cikakken buhun albasa a bisa, sama da kanka. Raba shi biyu ka rataya hagu da dama kamar mangala a bayan jaki, yadda nauyin zai yi ƙasa. Tumatir da tattasai a shimfiɗa musu tsohon buhu ko ciyawa ƙarƙashin kwando saboda girgiza.

Ƙaya, musamman tsidau, ita ce abokiyar gaban mai keke a hanyar gona. Sami tsohuwar taya mai lamba ɗaya da taka, yanke bakunanta biyu masu waya, ka shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin ka sa tiyub. Keken zai ɗan ƙara nauyi, zuwanka wurin mai faci zai ragu ƙwarai. Sarƙa kuma a wanke ta da kananzir, a ɗiga mata man inji kaɗan, a goge. Mai da yawa yashi yake kira, man gyaɗa kuwa daskarewa yake yi ya zama danƙo.

In an gama haɗin, kada ranar kasuwa ta zama ranar gwaji. Ran Jumma'a ko Asabar ɗora masa buhun ƙasa mai nauyin kayanka, ka je gona ka dawo, ka taka birki da ƙarfi sau biyu ko uku a gangare. Da ka iso gida bi notin wili da na feda da na kariya da sifana, ka taɓa wayoyin wilin baya ɗaya ɗaya, wadda ta saki a ja ta tun da sauran rana.