Darasi: Renon Murtsunguwa a Tukunya

'Yan'uwa manoma, mun saba in shuka ta yi yaushi sai mu ɗauko ruwa. Ga wata shuka wadda wannan hali namu yake kashewa, wato murtsunguwa, mai faffaɗan hannuwa cike da ƙaya. Asalinta daga ƙasar Meziko ne. Mutanen birni suna sonta a bakin taga domin ado, suna kuwa saye. Ƙungiyar da ke da tukwane da yashi tana iya samun kuɗin gishiri da ita da rani.

Amma da fari kada mu haɗa ta da ƙerana, wadda ake shinge da ita a ƙasar Filato. Mu ɗan yanki gefe mu gani. In farin nono ya fito, ƙerana ce, kada ta shiga ɗaki, gama nonon yana ƙona fata, yana kuwa iya makantar da mutum. In ya shiga idon wani, sai a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a kai shi asibiti ran nan. Murtsunguwa ba ta da nono, sai ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa.

A cire hannu ɗaya daga gaɓa da wuƙa mai kaifi. Kada a dasa nan da nan. A ajiye a inuwa kwana 10 har bakin yankan ya bushe sarai. Sa'an nan a sami tukunya mai huji a gindi, a cika da yashin rafi kashi 2, ƙasar gona kashi 1, a binne gindin hannun kamar inci 2. Kada a ba ta ruwa sai bayan mako 2.

A nan ne yawancinmu za mu yi kuskure. Shukan nan tana ajiye ruwanta cikin hannuwanta, da dare ne kuma take buɗe ƙofofin jikinta, saboda haka rana ba ta shanye shi. In ƙasa ta daɗe a jiƙe, saiwa za ta ruɓe, gindi ya yi baƙi ya yi laushi. Mai ita kuwa ya ga ta langaɓe, sai ya ƙara ruwa! Mu tsoma yatsa cikin ƙasar tukuna. In akwai sanyin danshi, a bar ta. Da damina kada tukunya ta kwana inda indararo ke zuba.

Tana son haske ƙwarai. In sabon hannu ya fito siriri yana miƙewa wajen taga, duhu ya yi mata yawa.

Manyan ƙayoyin ba su ne abin tsoro ba, gama ana ganinsu. Ƙananan nan masu kama da gashi su ne masu shiga fata su ƙi fita sai da hantsaki. A kama ta da tsohuwar takarda ninki huɗu, a ɗora tukunyar inda hannun yara ba ya kaiwa.

Kafin taro mai zuwa, bari kowane ɗan ƙungiya ya yanko hannu ɗaya ya shanya, mu dasa tare.