Saƙar Kwarashi da Amfaninta ga Jama'ar Wurno da Rabah da Goronyo

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. Abin da ta ƙunsa bayani ne a kan saƙar hannu, ta kwarashi da ta tsinke, wadda mata ke yi a tsakar gida in sun sauke tukunya, waɗansu maza kuma ke yi a zaure ko a gindin inuwa. Galibin mutane sun ɗauke ta abin rage zaman banza kurum, don haka ba safai akan ambace ta ba in ana lissafin sana'o'in gari. Amma wanda ya duba da idon basira zai tarar da abu biyu a cikinta waɗanda ke wuyan shugaba, watau lafiyar jarirai lokacin hunturu, da abin hannun matan da ba su da gona, ba su da jari.

Asalin aikin zare a wannan ƙasa

Aikin zare ba baƙo ba ne a gabashin Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, shi ya gina Wurno ta zama ribaɗi, a nan ya rasu, a nan kabarinsa yake. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin wajiban mai mulki, har ya yi umurni a zaunar da su a garuruwa gwargwadon bukatar jama'a. An kuma ruwaito cewa mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yakan tufka igiya da hannunsa don ya ci daga guminsa. Hakimin da ya tsaya wa mai saƙa a yau, ashe hanyar magabatansa ya bi.

A zamanin da, kusan kowace mace ta iya kaɗi. Takan gurje auduga ta fid da gurya, ta shiɓe ta, sa'an nan ta ɗauki mazari da alli ta kaɗa zare, siriri ko abawa, ta sayar wa masaƙa. Da kuɗin kaɗi mata da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Wannan hanya ta fara tsukewa da yadin Turawa ya cika kasuwa. A 1957, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, haifaffen Rabah wanda ya yi hakimcinta tun 1934, aka buɗe babbar masaƙa ta farko a Kaduna, zaren inji ya wadata. Ita ma masaƙar ta rufe a 2002. Mazari ya riga ya faɗi, masaƙar da ta gaje shi ta bi bayansa, aka bar matan gida da hannu ba abin riƙewa. Kwarashi na cikin 'yan abubuwan da suka shiga wannan gurbi.

Saƙa iri biyu ce, kuma ya kamata malami ya bambanta su in yana rubutu. Akwai ta tsinke biyu, wadda ake jera madaukan zare da yawa a kan tsinke ɗaya, ana kwashe su zuwa ɗayan. Mutane da yawa na zaton Turawa suka ƙago ta, alhali mafi tsufan abin da aka samu na irinta safa ce ta auduga da aka tono a Masar, wadda ta shekara fiye da 700, waɗansu ma da rubutun Larabci a jikinsu. Ta biyu ita ce ta kwarashi, ƙarfe ɗaya mai ƙugiya a baki. Sunan ya samo asali daga kalmar Faransanci mai nufin 'yar ƙugiya. Ta bazu a Turai cikin ƙarni na 19, kuma a lokacin babbar yunwar da aka yi a ƙasar Ayalan daga 1845, an koya wa mata da yara matalauta ita, gidaje da yawa suka tsira da abin da ta kawo. A Arewa, makarantun 'yan mata da aka fara buɗewa a Kano da Katsina a 1930, daga baya Sakkwato, sun sa ɗinki da aikin allura cikin darussansu, waɗanda suka koya kuma suka koya wa na gida.

Cikin biyun kwarashi ya fi dacewa da ƙauye. Kayan aikinsa ƙarfe ɗaya ne da dunƙulen zare, ba ya bukatar lantarki ko rumfa, ana iya ajiye shi a tashi a duba tuwo a komo ba tare da saƙar ta warware ba, domin madauki ɗaya kaɗai ke kan ƙugiya. Har wa yau, tun 1589 aka ƙera injin saƙar safa a Ingila, shi ya sa rigunan sanyi na inji da na gwanjo suka karya farashin saƙar tsinke. Aikin kwarashi kuwa har yanzu hannu ke yinsa.

Yadda ake saƙa hular jariri

Ba a ce hakimi ya ɗauki kwarashi ba. Amma wanda zai duba aiki lalle ne ya san kyakkyawa daga mummuna, in ba haka ba sai a nuna masa kome ya sa albarka. Hula daga tsakiyar ka ake fara ta. Mai saƙa takan yi ɗan zobe da zare, ta sa gajerun saƙa 6 a cikinsa. A zagaye na biyu ta mai da su 12, na uku 18, na huɗu 24, haka nan tana ƙara 6 a kowane zagaye, aikin yana buɗewa kamar faifai. In ƙarin ya gaza, faifan zai kumbura ya zama ƙoƙo tun lokaci bai yi ba. In ya yi yawa, bakinsa zai yi lanƙwashe-lanƙwashe. Kewayen kan jariri sabon haihuwa inci 13 ne zuwa 14, faɗin faifan kuwa kashi ɗaya cikin uku ne na kewayen, ko ƙasa kaɗan, watau inci 4 da 'yar ɗoriya. In ya kai haka sai a daina ƙari, a ci gaba da zagayawa da adadi ɗaya, bango ya tashi da kansa, har tsawon hular daga tsakiya zuwa baki ya kai wajen inci 5 ya rufe kunne. Bisa wannan ƙa'ida ake yin farar hular maza da ake kira tashi-ka-fiye-naci, sai dai da siririn zare da awon babba.

Dalilin da ya sa aka zaɓi hular jariri a wannan darasi shi ne, a nan saƙa ta wuce ado. Kan jariri babba ne bisa ga jikinsa, kitsen jikinsa kaɗan ne, ba ya kuma iya makyarkyata ya ɗumama kansa kamar babba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar hunturu ke kaɗawa, garuruwan bakin gulbin Rima sukan kwana da sanyi mai tsanani, jariri kuwa yana iya yin sanyin da zai halaka shi ba tare da ya yi kuka ba, sai dai a ga ya yi lakwas ya ƙi kama nono. Bakwaini ya fi kowa shiga wannan haɗari. Likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya sun fito da wata dabara a 1978, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓa: a ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure da zane, a sa masa hula da safa. Uwa ita ce murhun, hula ita ce murfin. Wannan ba ya hana kai yaro asibiti, taimako ne kafin a isa da bayan an komo.

Amma fa hular da ke ceto da sanyi ita ke cutarwa da bazara. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, duk da haka akan ga jariri ranar suna an naɗe shi cikin hula da riga da safa da mayafi, duk na ulu, don kawai kada a ce ba a yi masa kaya ba. Sakamakon haka ƙuraje ne da gumi da ƙishirwa. Ya kamata unguwarzoma da mai unguwa su riƙa faɗa wa iyaye cewa kayan saƙa na da lokacinsu.

Zare da haɗarinsa

Abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan ulu, mafi yawansa ba gashin tunkiya a ciki. Zaren roba ne da ake yi daga man fetur. Yana da araha, yana da launi, ba ya saurin tsufa, amma in ya gamu da wuta narkewa yake yi ya manne a fata. A ƙasar da ake hura wuta a ɗakin mai jego, ana kuma ajiye kaskon garwashi kusa da gado da hunturu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gane zare ba wuya. A yanki ɗan guntu a kai shi bakin ashana a waje. Auduga takan ci da sauri, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu na gaskiya yakan yi ƙaurin gashi, ya bar baƙin abu mai murmushewa. Na roba yakan narke ya dunƙule ya yi tauri kamar dutsen ado. Ba za a hana na roba ba, tun da shi talaka ke iya saye, sai dai a nisanta shi da wuta, a kuma sa wa yaro 'yar rigar auduga a ƙarƙashi.

Abu biyu kuma mai duba aiki zai lura da su: kada a yi wa hular jariri doguwar igiya ta ɗaurewa a wuya ko a liƙa mata maɓalli da duwatsu da zai iya haɗiyewa, kuma a juya safa a ga ba a bar zare yana reto a ciki ba, domin yakan naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu.

Lissafin riba

A nan ne malamin hakimi zai fi amfani, domin yawancin masu saƙa ba su taɓa zama sun lissafa abin da suke samu ba. Ga misali, alƙaluman na koyarwa ne kurum, kowa ya sa farashin kasuwarsa. A ce mace ta sayi zare na Naira 1,000, ya ba ta hula 2, kowace ta cinye mata hutun yini guda. Ta ba dillaliya, aka sayar da kowace Naira 800, ya zama 1,600. Dillaliya ta ɗauki la'adar 100 a kowace, saura 1,400. In aka fid da kuɗin zare, ladan yini biyu Naira 400 ke nan. To, a ce mata 10 sun haɗa kuɗi, kamar yadda suka saba a adashi, an sayo musu zaren a sari daga Sakkwato a kan 800. Ladan ya zama 600, ya ƙaru da rabi, ba tare da an ƙara aiki ko an tsawwala wa mai saye ba. Lissafin yakan kuma nuna wa mace abin da bai kamata ta saƙa ba. Babbar rigar sanyi tana cin zare da kwanaki, ga gwanjo a gefe yana jiran ta da rabin kuɗi. Ƙananan kaya su ne riba: hula, safa, kayan suna, jakar hannu, murfin kwano.

Masu saye kuwa suna nan kusa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya yalwata, ga fadamar Wurno da shinkafarta, ga albasa da tafarnuwa. Mai ban ruwa da asuba, da masunci, da mai babur, da almajiri, duk suna neman abin rufe kunne a daidai watannin da kuɗin kaka ke hannu.

Abin da ake bukata ga hakimai

Ba za a ɓoye halin da ƙasar ke ciki ba. A Yuli 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, mutanen ƙauyuka suka gudo Gandi. A Oktoba 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutane da yawa. Irin waɗannan masifu sun bar zawarawa da marayu a garuruwan da ba nasu ba, ba gona, ba dabba. Kwarashi ba zai ciyad da gida shi kaɗai ba, wanda ya ce zai yi ya faɗi abin da ba haka ba. Amma sana'a ce da mace za ta koya cikin 'yan makonni, ta yi ta a ɗakin aro, in an sake tashi ta ƙulle ta a bakin zane ta tafi da ita.

Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya umurci dagatai da masu unguwa su kawo sunayen matan da suka gwanance da saƙa, malami ya rubuta su unguwa unguwa, da irin abin da kowace ta iya. Daga cikinsu za a sami masu koyarwa, ba sai an ɗauko baƙuwa daga birni ba. Koyarwar a yi ta cikin gida, mace ga mata, da yardar masu gida, kamar yadda Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara karatun 'Yan Taru ta hannun jajoji. A sa 'yan gudun hijira a gaba. Hakimi ya yi magana da sarkin kasuwa a ba su wuri ɗaya sananne, a Achida ko wata kasuwa mai ci, inda dattijuwa amintacciya za ta zauna da kayan kowa, don kada a ce za a fid da yarinya daga makaranta a ɗora mata talla. Kuɗin da aka haɗa na zare a rubuta shi a littafi, shiga da fita, a karanta wa masu shi a bainar juna kowane wata. Malami ya rubuta, amma kada kuɗin ya kwana a hannunsa.

Sai batun lokaci, wanda a kansa masu saƙa suka fi yin hasara. Da yawa ba su tuna da kwarashi sai sanyi ya shigo, kafin su gama hula goma an shiga Maris, kaya su kwana har baɗi. A sayi zare a Satumba, a yi aikin cikin Oktoba da Nuwamba, kaya su isa kasuwa da ɗakin haihuwa na asibitin gunduma kafin farkon Disamba.