Ɓoyayyen Abu a Sararin Samaniya da Farautar Ƙwayoyinsa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a jarraba Hausa da wani batu na ilmin taurari. Masana sun laƙaba wa abin suna mai ma'anar "abu mai duhu". A ganina sunan bai dace ba, domin baƙin abu yakan tare haske, wannan kuwa haske ratsa shi yake yi ya wuce. Saboda haka na zaɓi "ɓoyayyen abu".

To, yaya aka san da abin da ba a gani? A 1933 Fritz Zwicky ya auna gudun gungunan taurari na rukunin Coma, ya tarar nauyin da ake gani bai isa ya riƙe su wuri guda ba. Sai bayan kusan shekara arba'in aka ɗauki maganarsa da muhimmanci.

Mai karatu ya tuna da majajjawa: in aka tsananta juyi, igiya kuwa ba ƙwari, dutsen ƙwacewa zai yi. Ƙarfin janyowa, wato wanda ke dawo da jifa ƙasa, shi ne igiyar taurari, kuma raguwa yake yi da nisa. Shi ya sa duniyarmu ke kewaya rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, Naftun mai nisa kuwa biyar da 'yan kai. Amma daga 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna gungun Andromeda da waɗansu, suka ga taurarin gefe ba su sassauta gudu ba. Ashe akwai wata igiya. Ma'aunin kumbon Planck na 2013 ya nuna ɓoyayyen abu ya kai wajen kashi 27 cikin ɗari na abin da sararin samaniya ya ƙunsa, wanda muka sani kuwa kashi 5 kacal.

Ƙwayoyinsa dai sun ƙi kamuwa. A wata tsohuwar mahaƙar zinariya a Dakota ta Kudu, Amurka, zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, na'urar LZ na tsare da tan 7 na ruwan sinadarin zenon, ana jiran ɓoyayyar ƙwaya ta bugi ƙwayar zarra ta yi ƙyalli. An nutsa ƙasa ne don duwatsu su tare ƙwayoyin da ke zubowa daga sama. Sakamakon 2022 da na 2024 bai nuna ta ba.

Tun 1983 Mordehai Milgrom ya ce dokar janyowar ce ke bukatar gyara. Sai dai a 2006 an nazarci waɗansu rukunai biyu da suka yi karo, aka tarar mafi yawan nauyin ya yi gaba, ya bar iskar gas a tsakiya. Wannan hujja ta fi rinjaye a wurina.