Jirgin da Ya Kife Yana Ɗaure

Mu a nan Zazzau ba mu da babban ruwa. Kubanni da Galma su ne namu, sai madatsar ruwa ta Samaru. Amma a ƙasar Amurka akwai wani tabki, sunansa Mishigan. Tsawonsa ya fi mil 300, wato kamar tafiyar Zariya zuwa Kano har sau uku. In ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hangen waccan.

A shekarar 1903 aka ƙera wani jirgi don jigilar fasinja a tabkin nan, aka sa masa suna Eastland. Jirgin tururi ne. Ana zuba kwal a wuta, ruwa ya tafasa cikin tukunya, tururi ya juya injin, kamar kan jirgin ƙasa irin na da, wanda tsofaffinmu suka saba gani a tashar Sabon Gari. Tsawonsa ƙafa 265. Ga shi da gudu, mutane suna sonsa.

Amma yana da aibu guda. Siriri ne, ga bene kan bene, nauyinsa duk ya taru a sama. Ku dubi babbar mota in an yi mata lodin buhuna har bisa, ga mutane zaune a kan kaya. Da ta sha kwana sai ta karkace. To, haka jirgin nan yake. A 1904 ya karkace da mutum wajen 3,000 a ciki, saura kaɗan ya kife. Aka rage yawan mutanen da zai riƙa ɗauka.

A 1912 wani ƙaton jirgi, Titanic, ya nutse a teku. Mutum wajen 1,500 suka halaka, don kwale-kwalen ceto ba su isa ba. Saboda haka a 1915 Gwamnatin Amurka ta yi doka a ƙara wa jirage kwale-kwalen ceto. Dokar kuwa mai kyau ce. Masu Eastland suka ƙara nasu, suka ɗora su can bisa bene, suka sami izinin ɗaukar mutum 2,500. Ga jirgi da ma kansa ya yi masa nauyi, an sake aza masa kaya. Mu a ganinmu, wanda ya ba da izinin nan bai kyauta ba.

Ran Asabar, 24 ga Yuli, 1915, ma'aikatan kamfanin Western Electric da iyalansu suka shirya tafiya shan iska ƙetaren tabki. Jirgi yana ɗaure a kogin da ya ratsa birnin Shikago. Tun da sassafe ya cika maƙil. Ana yayyafi, mata da yara da yawa suka shige ɗakunan ciki. Jirgi ya soma karkata. Matuƙa suka yi ta ɗura ruwa cikin tankunan da ke ƙarƙashinsa, don gindinsa ya yi nauyi ya miƙe. Ina! Da ƙarfe 7 da minti 28 ya kwanta ta gefen hagu. Babu hadari, babu igiyar ruwa, ko gaɓa bai bari ba. Zurfin ruwan ƙafa 20 ne kacal. Mutum 844 suka mutu, gida 22 suka ƙare kaf, uba da uwa da 'ya'ya. Kwale-kwalen ceton nan kuwa ba a sami zarafin sauke su ba.

Kada mu ce abin can nesa ne. A watan Nuwamba 2021 wani kwale-kwale da aka cika fiye da kima ya kife a ruwan Bagwai ta Jihar Kano. Fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya.

Shi Eastland, an kai ƙara kotu, amma ba wanda aka ɗaure. Aka tsamo shi, sojan ruwa suka saye shi, suka yanke benayen sama, suka sake masa suna Wilmette. Ya yi musu aiki har 1945, sa'an nan a 1947 aka farfasa shi.

Tambayoyi

1. Mene ne aibun jirgin nan?
2. Don me matuƙa suka ɗura ruwa a ƙarƙashinsa?
3. Daga 1903 zuwa 1947 shekara nawa ke nan?