Kafin ka manna wa bayanka wannan na'ura

Ni likitan gashin ƙashi ne, kuma yawancin masu zuwa wurina daga Magazin ɗin Suame, unguwar gareji a nan Gana, suke: makanikai, masu walda, da yara masu koyon aiki. Kuka ɗaya suke kawowa, ƙugu da kafaɗa.

Kwanan baya wani masta ya zo da 'yar na'ura da ɗansa ya aiko masa daga Turai. Ya ce, "Likita, an ce wannan ta fi Tramol." Na kunna, sai ta hau ɓari kamar injin aski. Na ce, "Baba, wannan ta tausa ce."

Ya ɗauka na'urar gashi da sauti ce, amma ta gaskiyar ba ta girgiza. Sauti take turawa cikin tsoka, mai kaɗawa sau miliyan 1 zuwa 3 a daƙiƙa, alhali kunnen mutum bai wuce dubu 20 ba. Sautin yana ɗumama naman ciki, jini ya ƙara gudu, tsokar da ta ɗaure ta ɗan saki. Dole a shafa man nan mai santsi irin na hoton ciki, domin iska tana tare sautin. A asibiti minti biyar zuwa goma muke yi. Ta mannawa kuwa, irin wadda ake kira "sam" ta kamfanin ZetrOZ na Amurka, ƙarfinta kaɗan ne, shi ya sa take kai awa 4 a jiki.

Tana aiki? Wasu suna samun sauƙi. Amma a 2016 hukumar NICE ta Ingila ta ce kada a yi wa mai ciwon ƙugu magani da wannan sauti, don hujjar ba ta kai ba. Ni ma ban taɓa ganin na'urar da ta warkar da wanda zai koma gobe ya ciccibi giyabos shi kaɗai ba.

Kada a ɗora ta a cikin mai juna biyu, ko ido, ko kan ƙari, ko ƙirjin mai batirin zuciya, ko gaɓar yaron da bai gama girma ba. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji zai iya ƙonewa bai sani ba. In ciwon yana sauka ƙafa da kasala, ko fitsari yana kufcewa, a nufi asibitin Komfo Anokye ranar. Mai niyyar saye kuma ya tambayi rajistar hukumar FDA ta Gana.

Mastan dai na koya masa motsa jiki uku, na roƙe shi ya gyara sarƙar ɗaga injin da ke rataye a garejinsa.